Kurege da Gidan Beguwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na buɗe.

Shekarar da kogi ya ci ramukan fadama, gida ya yi tsada a dawa. Rani ya wuce dabbobi na raɓe-raɓe a gindin itatuwa, ga hadari ya fara haɗowa gabas. Cikin marasa gidan har da Kurege, wanda bai tsira da komai ba sai rumbun gyaɗarsa.

Ana nan sai Hankaka dillali ya yi shela cewa tsohuwa Beguwa za ta sayar da gidanta na kan tudu, ta koma wurin ɗanta. Gida ne mai zaure da ɗaki uku, ruwa bai taɓa shigarsa ba. Kafin rana ta ɗaga, ƙofar gidan ta cika.

Aka fara tayi. Zomo ya taya da tsada, amma ya ce sai ya shiga ya duba ɗakunan. Beguwa ta ce albarka. Gafiya ta ɗara shi, amma ta ce sai ta tambayi maƙwabta halin gidan, yadda aka saba. Beguwa ta ce albarka. Kunkuru ya ce a jira ruwan farko a ga ko yana yoyo. Shi ko amsa bai samu ba.

Kurege na gefe yana lura. Ya ga ba kuɗin ne tsohuwar ke ƙi ba, sharaɗin ne. Ya kuma raya a ransa cewa tsohuwa mai rowa irin wannan ba ta rasa ɓoyayyen abinci a ƙuryar ɗaki. Sai ya kutsa gaba ya durƙusa.

Ya ce, “Gwaggo, rumbuna duka naki ne. Ba dubawa, ba tambaya, ba komowa. Yadda gidan yake haka na saya.”

Beguwa ta ce, “Na sallama, ɗan albarka.”

Hankaka ya sa shaidu suka maimaita: ba dubawa, ba tambaya, ba komowa. Ya karɓi la'adarsa ya tashi. Beguwa kuwa, wadda aka sani da ciwon gwiwa, ta ɗauki hanya da saurin da ya ba kowa mamaki.

Kurege ya shiga gidansa yana kaɗa wutsiya. Ya duba ɗakin farko, lafiya. Ya duba na biyu, lafiya. Ya leƙa na uku, sai ya ga Mesa ta cika shi fal, cikinta ya kumbura kamar tulu.

Mesa ta yi masa barka da zuwa cikin ladabi. Ta ce shekara bakwai tana zaune a nan, ba ta taɓa samun saɓani da maigida ba. Barewa ce ta haɗiye shekaranjiya, shi ya sa ba za ta iya tashi ta gaishe shi ba, ko ta ƙofar ma ba za ta iya fita ba. Amma nan da kwana goma cikin zai saɓe, yunwa kuma za ta dawo.

Kurege ya ce, “Ranki ya daɗe, to ita Gwaggo yaya kuka zauna lafiya?”

Mesa ta ce, “Ita ƙaya gare ta.” Ta dube shi sama da ƙasa. “Kai fa?”

Kurege ya ruga wurin Hankaka ya ce ya fasa. Hankaka ya tuna masa abin da ya faɗa da bakinsa, ya ce in yana son kalmomin daki-daki shaidu na nan da ransu.

Kwana uku Kurege na zaune a zaure yana tunani. Ran na huɗu ya share ƙofar gida, ya yayyafa ruwa, ya sa Hankaka ya sake shela: gidan tudu ya dawo kasuwa, maigida zai yi tafiya. Marasa gida suka sake cika wurin, har da Kura wadda ba ta zo da farko ba.

Kurege ya ja ta gefe. Ya raɗa mata cewa Zomo ya riga ya taya, Gafiya ta ɗara, shi dai don zumunci yake jinkiri. Kura ta ce bari ta ɗan leƙa.

Ya ce, “Yaya, masu leƙe ai su ne har yau suke kwana a gindin kuka.”

Kura ta dire jakar wuri. Ba dubawa, ba tambaya, ba komowa. Kurege ya sallama, ya ja jakarsa bayan wani dutse, ya kasa kunne yana jiran ihu.

Ya ji gurnani, ya ji kokawa, sai shiru. Can sai ya ji tauna. Mesar da ba ta iya motsi, Kura ta gama da ita, ta ci mesa, ta ci barewar da ke cikinta. Ta fito bakin zaure tana lashe baki, ta hango shi.

Ta ce, “Ƙanena, ashe har da abinci ka bar mini? Allah ya bar zumunci.”

Ta fashe da dariyar da har yau ba ta daina ba.

Kurege ya zaga dawa da jakarsa yana neman wani gida. Babu na sayarwa ko ƙwaya ɗaya. La'asar na yi hadari ya taso, ruwa ya kece. Ya ɗora jakar a ka, wuri ba ya tare ruwa. Ya ajiye ta, ya shiga tonon taɓo da farcensa, yana tono yana atishawa, har ya sami inda zai cusa rabin jikinsa, wutsiya a waje.

Tun daga ranar, ko ramin da ya tona da hannunsa ne, sai Kurege ya miƙe kan ƙafa biyu ya leƙa sau uku kafin ya shiga.

Kurunkus kan ɓeran masallaci. In za ku sayi gida ba dubawa, yara, ku fara tabbatar kuna da ƙaya, in babu, ku nemi haƙoran kura.