Manomin da Ya Zuba Ɗaci a Bayan Danga

Akwai wani manomi a ƙasar da rijiyoyinta duk zartsi ne. Ga ruwa, amma ba ya shawuwa: in an sha ciki ya murɗa, in an yi wanki sabulu ba ya kumfa. Sai ya sayar da shanunsa biyu, ya kawo na'urar da ke raba ruwa da gishiri, mai aiki da hasken rana.

Injiniyar da ta zo kafawa ta nuna masa bututu biyu. Ɗaya yana fitar da ruwa mai daɗi. Ɗayan yana fitar da gishirin da aka tace, ruwa mai ɗaci fiye da na rijiyar. Ta gargaɗe shi ya gina wa wannan ɗacin rami da siminti, nesa da gida, rana ta busar da shi.

Manomin ya ga aikin ya yi yawa. Sai ya zura bututun ta ƙarƙashin danga, inda idonsa ba ya gani. Bayan dangar kuwa lambun albasar wata tsohuwa ne, da shi take ci.

Ya buɗe ƙofarsa, kowa ya ɗebi ruwa kyauta, gari ya yi ta sa masa albarka. Albasar tsohuwa kuwa ta soma bushewa, ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa toka. Da ta zo ta faɗa masa, ya cika mata tulu, ya ce, "Iya, sha ki ji sanyi. Ai shekarar ce haka."

Ta ce, "Ɗana, ruwanka da daɗi. Amma ɗacinsa a wurina ka zuba."

Bai saurara ba. Lambun ya mutu, tsohuwa ta koma wurin danginta a wani ƙauye.

Kafin damina ta kewayo, na'urar ta toshe, ruwa mai daɗi ya tsaya. Injiniyar ta dawo, ta ɗanɗana ruwan rijiyar, ta tofar. Ta tambaye shi ina ramin. Ya nuna mata inda ya zura bututun ta ƙarƙashin danga, zuwa lambun tsohuwa.

Ta ce, "Baba, danga a sama take. A ƙarƙashin ƙasa ruwanku ɗaya ne. Abin da ka zuba mata ne ya dawo maka."

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Rijiyar nan ita ce zuciyarmu, Ubangiji kuwa shi ne mai tace ta. Amma ku lura da bututu na biyu, fushi da gajiya da ɓacin ran da ke fita daga cikinmu. Da yawanmu a majami'a bakinmu zuma ne, mu gai da kowa, mu rera waƙa. Mu koma gida mu sauke ɗacin a kan mata, ko miji, ko 'ya'ya, waɗanda ba su da bakin kai ƙara. Muna tsammani ba a gani. Ɗacin nan ba ya ɓata, zai komo ya toshe addu'armu.

An riga an gina mana rami, wato gindin gicciyen Yesu. Can ne wurin zubarwa. Kafin ka cika wa kowa tulu gobe, leƙa bayan dangarka, ka ga wanda ke zaune a can.