Ranar da Sakinatu ta Sauka a Kuala Lumpur

Akwai wani bawan Allah mai suna Kalilu, ɗalibin digiri na uku a fannin siyasa, yana zaune a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur cikin dogayen benayen nan da ɗalibanmu 'yan Najeriya suka cika. Yana da kai, wannan ba zan hana shi ba. Matsalarsa ɗaya ce: in ya karanta abu ya burge shi, sai ya ɗauka shi aka aiko ya aiwatar.

Bincikensa a kan wata sabuwar jam'iyya ce ta Jamus, wadda ta ɓalle daga cikin 'yan gurguzu, ta kuma ɗauki sunan wadda ta kafa ta. Jam'iyyar nan ta ɗaure masa kai. In ana maganar tattalin arziki, za ka ji tana cewa a ƙara wa ma'aikata albashi, a kula da tsofaffi, a matsi masu hannu da shuni. In an koma maganar zaman jama'a, sai ta zama 'yar gargajiya, tana cewa a riƙe al'ada, a rage kwararar baƙi.

Malamar da ke duba aikinsa ta sha tambayarsa ɓangaren da suke a siyasa, "To, hagu suke ko dama?" Sai ya sosa ƙeya. Yau ya rubuta hagu, gobe ya goge ya sa dama. Amma duk da bai gama gane su ba, ya kamu da son su.

Wata rana a mamak, wato wurin shan shayi na can, ya ce wa abokinsa Mus'ab, "Wallahi mutanen nan kamar namu ne. Ga tausayin talaka, ga riƙon tarbiyya. Ka ga combination."

Mus'ab ya ce, "To maganar baƙi fa? Ai in ni da kai muka je can, mu ne baƙin."

"Ban kai wannan chapter ɗin ba tukuna. Sha shayinka lah."

To, ƙungiyar ɗalibanmu ta can tana da wata al'ada. Duk wanda zai sauka daga gida, ko an san shi ko ba a san shi ba, sai an je filin jirgi an tarbo shi, a ajiye shi a ɗakin baƙi har ya sami wurin zama. Malam Iro ne shugaba, dattijon malamin jami'a da ya zo ƙaro karatu. Shi kansa Kalilu a wannan ɗakin ya fara kwana a Malesiya, kuma Malam Iro ne ya ɗauko shi.

Kalilu ya fara ƙorafi. Ya ce tsofaffin ɗalibai suna fama, kuɗin tallafin karatu ba ya zuwa a kan lokaci, amma duk ƙarfin ƙungiya ya tafi a kan sababbin zuwa, waɗanda da sun waye ko gaisuwa ba sa yi. Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Sai dai a taron da ya faɗe ta, ya haɗa da cewa Malam Iro ya mayar da kansa direban tasha. Daga nan Kalilu ya kwashi mutanensa ya fice.

Ya kafa tasa ƙungiyar, ya sa mata suna Tafiyar Kalilu. A cikinta ana cin tukunya ɗaya, wanda ya samu ya taimaki wanda bai samu ba, ana girmama iyali. Amma ba a tarbar sabon zuwa, kuma ba a shiga sai an tantance mutum. Mus'ab ya ce shi bai gane ba, taimako ne ko kora, sai Kalilu ya daina kula shi. Da wani Tajuddeen ya je ya ɗauko ɗan ƙanin babansa daga filin jirgi, aka cire shi daga guruf ɗinsu na waya a ranar.

Ana cikin haka takardun iyalin Kalilu suka fito. Matarsa Sakinatu za ta zo da 'yarsu Zuhra. Sakinatu ba ta taɓa fita Najeriya ba, don haka ya ce mata kada ta damu, tana fitowa shi za ta fara gani.

Sun tashi daga Kano ke nan, zazzaɓin da yake ta rainawa ya kayar da shi. Maƙwabcinsa ya kai shi asibiti, aka ce zazzaɓin dengi ne, aka sa masa ruwa, aka hana shi motsi. Washegari da azahar jirgin zai sauka. Sakinatu ba ta da layin Malesiya, ba ta san yana kwance ba, makullin gida kuma yana aljihun wandonsa.

Da gari ya waye ya rubuta a guruf cewa a taimaka a ɗauko masa iyali.

Fa'iz, wanda shi kaɗai ke da mota a cikinsu, ya amsa: "Allah ya ba da lafiya, Shugaba. Amma ai ba ma tarbar sabon zuwa."

Muntasir ya ce, "Haba, iyali ce fa. Mu ba masu kare iyali ba ne?"

Wani ya ce, "Iyali ce, amma kuma new arrival ce. Wanne ya fi ƙarfi?"

Kalilu ya rubuta, "Na janye dokar. Don Allah ku je."

Fa'iz ya ce, "Shugaba, kai ka ce ba a taɓa doka sai a general meeting. Anya ba gwada mu kake ba? Ni ba na so a yi min na Tajuddeen."

Daga nan guruf ya rikice. Masu cewa a jefa ƙuri'a, masu cewa a jira a ga hoton asibiti, masu tambayar ko ƙaramar yarinya ma sabuwar zuwa ce. Kalilu na kwance yana kallon saƙonni suna wucewa, ya rasa ko zazzaɓin ne ke juya masa kai ko mutanensa. Ba wanda ya yi masa mugunta a cikinsu. Abin da ya koya musu suke maimaita masa.

La'asar ta wuce. Ya kira lambar Sakinatu ta gida har ya gaji, ba ta shiga. Ya dinga hango ta tsaye da yarinya a kafaɗa, tana duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai. Ya buɗe lambar Malam Iro, ya tuna da direban tasha, kunya ta sa ya rufe. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Ya juya fuska bango yana hawaye.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Lambar Malam Iro ce, amma muryar Sakinatu.

"Baban Zuhra, kana ina? Mun daɗe muna jira, har na fara kuka. Wani dattijo ne ya taimake mu, ga mu a gidansa a unguwar Sentul. Matarsa har ta yi wa Zuhra wanka."

Kafin magariba Malam Iro ya iso asibitin da su, da kunun shinkafa da ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshe, a hanya. Zuhra ta ruga ta rungume ƙafar gadon. Kalilu ya kasa haɗa ido da dattijon.

Da ƙyar ya ce, "Malam, wa ya gaya maka? Mus'ab ne?"

"Ba wanda ya gaya min komai. Wani sabon ɗalibi na je ɗaukowa. Muna fitowa na ga mace da hijabi irin na gida, zaune a kan akwati tana share ido. Na yi mata sallama da Hausa, ta amsa. Shi ke nan."

"Ba ka san matata ce ba?"

"Sai da muka kai gida matata Husainatu ta tambaye ta sunan maigidanta." Malam Iro ya ajiye kunun a gefen gado. "Ai da sai na san mutum nake ɗaukarsa, Kalilu, da kai ma har yau kana filin jirgin nan."

Wayar Kalilu na gefen filo tana ta haske, 'yan guruf ba su gama yanke hukunci ba.

Da aka sallame shi, ya je har Sentul ya ba dattijon haƙuri, ya nemi Mus'ab da Tajuddeen su ma ya roƙe su. Tafiyar Kalilu ta watse ba tare da wani taro ba. Har yanzu in malamarsa ta tambaye shi hagu ko dama, sosa ƙeya yake yi. Amma babin baƙi da yake ta tsallakewa ya zauna ya rubuta shi, kuma duk ranar da jirgi zai sauka da namu, shi ne a gaban motar Malam Iro.

Darasi: Alherin da ka keɓe wa naka kaɗai, ka rufe wa baƙo ƙofa, wata rana naka ne zai tsaya a bayan ƙofar. Kada ka manta da wanda ya tarbe ka lokacin da ba kowa ya san sunanka, kuma kada ka kwaso tsarin wasu ka ɗora wa mutanenka alhali kai ma ba ka gama fahimtarsa ba. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa wani ɗan uwa da ke zaune a ƙasar mutane.