Ɗigon Man Birki a Ƙarƙashin Motar Des

Akwai wani mai kiwon shanu a kan tsaunin Eungella, sunansa Graeme. Mutumin kirki ne, har ranar da maƙwabcinsa Des ya sayo sabuwar jif fara fat.

Tun daga ranar ko shayi ya daina yi wa Graeme daɗi. Shekara ashirin da biyu yana fama da akori-kura wadda ƙofarta ma sai an ɗaure da igiya, ga Des yana wucewa gilashi a rufe, yana ɗaga masa yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Hassada ta ci shi ƙwarai.

Ba a jima ba jif ta fara halinta. Birki ya yi ƙara, a kai ta gareji a garin Mackay, su ce kwamfuta ba ta ga komai ba. Har sau uku. Daɗi kamar ya kashe Graeme.

"Maƙwabci, ya jikin amarya?" in ji shi.

"Bari kawai," in ji Des. "Ta ishe ni."

Ran Juma'a a wurin gwanjon shanu, Graeme ya hango mai yana ɗiga ta bayan tayar jif ɗin. Ya dangwala ya shinshina. Man birki ne, kuma ya sani sarai, don shi ke gyara tarakta a duk yankin. Ya goge yatsa a wando ya yi gum. A ransa ya ce, bari ya afka wa shingen gonarsa, in jawo shi da akori-kurata kowa ya gani.

To, a can duk wanda zai sauka gari yakan yi shela ta oba-oba, mai bukata ya bi shi. Ran Asabar Graeme yana can ƙarshen gona yana gyaran shinge, bai ji shelar Des ba. Da ya dawo sai ya tarar da takardar matarsa Noeleen a kan tebur: "Na bi Des gari, ka ɗumama abincinka."

A lanƙwasa ta uku ta hanyar gangarowa daga tsaunin, birki ya mutu. Des ya goga motar a jikin dutse don kada su faɗa kwazazzabo, kuma ɓangaren da Noeleen ke zaune ne ya daku. Ƙugunta ya karye. Likita ya ce ita da tafiya sai da sanda.

A asibiti Des ya zo kansa naɗe da bandeji, ya kama hannun Graeme yana kuka.

"Ka yafe mini. Girman kai ne ya hana ni kawo maka motar ka duba. Na san da ka ga wani abu, da ka faɗa mini."

Graeme ya sunkuyar da kai. Noeleen ta juyo da ƙyar daga kan gado.

"Haba Graeme, ka ce masa ba komai mana. Ai ba laifin kowa ba ne."

Darasi: In ka ga haɗari a kan hanyar wani, ka faɗa masa ko da kana jin zafinsa, domin ba ka san wa zai ɗauka a motarsa gobe ba. Ku tura wa wanda kuka san yana bukatar jin wannan.