Bene da Shanyar Gwauruwa

Akwai wani maigida a tsakiyar wani birni inda doka ta hana kowa yin bene. 'Ya'yansa suka yi aure, ba ɗaki, duk suka watse bayan gari. Ana nan sai hukuma ta sassauta dokar, ta ce mai hali ya hau sama. Mutumin ya yi murna, ya ɗora hawa uku domin ya tattaro iyalinsa.

To, jikin katangarsa akwai wata gwauruwa wadda abincinta shanya ne. Takan yanka tumatir da kuɓewa, ta shanya a tsakar gida, in sun bushe ta kai kasuwa. Benen nan ya tare mata rana ƙaf. Tumatir ya yi ta ruɓewa a kan tabarma.

Ta je ta yi masa kuka. Shi kuwa ya zaro takarda ya ce, "Iya, ga izini, har da hatimi."

Ta ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba. Zo ka karanta wa tumatirina, ko zai bushe."

Ransa ya ɓaci, amma ya bi ta. Ya tsaya a tsakar gidanta da hantsi, ba rana ko ta tafin hannu, sai warin ruɓa da ƙudaje. Ashe tun da aka fara ginin, ta bakin titi kaɗai yake kallonsa. Kashegari ya kira magina suka yi matakala daga gefenta har rufin bene, ya ce nan ne wurin shanyarta muddin ranta. A can rana take wuni, ba akuya, ba kaza. Abin da ke cin mako ya koma bushewa a kwana uku.

Ma'anar wannan misali ita ce, hawa sama ba zunubi ba ne. Kada wani ya fita daga nan ya ce na zagi masu bene, ni ma ina so! Allah ne ke ɗaga mutum, da aiki, da ilimi, da muƙami. Amma duk abin da ya yi tsawo yana da inuwa, kuma a kan wani take sauka. Wasunku an ƙara musu girma, sun daina amsa gaisuwa, wai ai haƙƙinsu ne. Ubangiji ba zai tambaye ka hatimi ba, haƙƙin maƙwabcinka zai tambaye ka. Rufin nan fa ya ishe ku duka. A makon nan ka zagaya bayan gidanka, ka ga wanda ka tare wa rana.