Ranar da Dila Ya Mallaki Ciwon Gado

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

Wai Dila ne ya gano wata alama a jinin dabbobi, mai nuna wanda ke ɗauke da ciwon gado, wanda ake gada daga iyaye. Ya garzaya gun Zaki ya karɓo takarda da hatimi, cewa alamar tasa ce, ba mai duba ta sai shi.

Ana nan, Barewa za ta yi wa ɗanta aure, ga shi ciwon nan ya taɓa kashe mata 'ya'ya biyu. Ta je a gwada jinin ango da amarya, ta tarar da layi har bakin rafi, Dila kuwa yana sharar barcin rana. Sauro ya ce, "Yaya, ni da na ɗanɗana jini nake ganewa." Ya ɗanɗana, ya ce a ɗaura aure, lafiya lau.

Dila ya ji, ya maka su gaban Zaki. "Ranka ya daɗe, sun taɓa mini kaya."

Barewa ta durƙusa ta ce, "Malam Dila, abin da ke cikin jininmu naka ne?"

"Nawa ne, ga hatimi."

"Madalla. Tun kakanni muke cigiyar mai shi. A dajin nan, in abinka ya shiga gidan wani ya yi ɓarna, kai ke fitar da shi, ka amsa laifi. 'Ya'yana biyu ya ci. Zo ka kwashe kayanka."

Dabbobi suka yo caa, kowa na miƙo ƙafa yana cewa a fara da shi.

Dila ya ja da baya. "Ranka ya daɗe, ni fa gani kawai na yi, ba ni na zuba ba."

Zaki ya yage takardar ya ce, "In gani ne, ai kowa da idonsa."

Ƙurunƙus kan ɗan sauro.