Tunau Magini da Reman Kufai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A wani gari akwai dutse, a kansa akwai kufan ganuwa da mutanen dā suka jera da duwatsu, ba laka ko kaɗan. Jikokinsu sun sauko ƙasa tuntuni, sun bar wa remaye, 'yan dabbobin nan na kogon dutse, wurin.

Ran nan labari ya zo cewa mahara na tafe, saura kwana bakwai. Sai mai gari ya kira Tunau magini, ya ce, "Hau ka gyara mana kufan nan. Ran garin nan yana hannunka."

Tunau ya hau. Ya tarar da matakala ba tsari, wata doguwa, wata gajeriya. Ya ɗaga guduma zai daidaita, sai wani tsohon rema ya leƙo ya ce, "Magini, bar ta haka. Kakana na nan aka yi ta." Tunau ya yi tsaki, amma ya bari.

Ya isa ƙofa, ya gan ta matsattsiya, da lanƙwasa har uku. Ya ce, "Wanda ya gina wannan a buge yake!" Zai miƙe ta, rema ya ce, "Bar ta haka. Kakana na nan aka yi ta." Ya bari.

Ya zagaya gindin bango, ko'ina ramuka. Ya kwaɓa laka zai toshe, sai rema ya yi tsalle. "Kai! Wannan kam kada ka taɓa!" Tunau ya harare shi, ya zubar da lakar, ya ɗora duwatsun da suka zube kawai.

Da mutane suka hau da awakinsu da hatsinsu, mai gari ya duba ya ce, "Tunau, kwana shida me ka yi? Wallahi in suka shigo, kai zan fara miƙa musu."

Sai ga mahara. Suka taso a guje, matakala ta harɗe musu ƙafa, na gaba ya faɗa kan na baya, suka gangara kamar kabewa.

Kashegari suka hau a hankali. Ƙofa ta ƙi ɗaukar mutum biyu, dogon mashi ya ƙi juyawa a lanƙwasa. Duk wanda ya leƙo, sai mata su sauke masa taɓarya.

Sai babbansu ya ce, "Mu sauka gindin dutse mu jira. Ga hadari can, ruwa zai cika ganuwar ya ture ta."

Ruwa ya kece da hantsi kamar da bakin ƙwarya. Ya taru a cikin ganuwa har gwiwa, yara na kuka, mai gari na hararar Tunau. Sai ramukan nan suka fara tsiyaya. Ruwan ya fita ta gindin bango, ya haɗu, ya gangara da ƙarfi, ya kwashe mahara da bukkokinsu da masunsu, sai rafi! Bango ko motsi bai yi ba.

Gari ya kaure da guɗa. Aka ɗaga Tunau sama, mai gari ya cire rigarsa ya sa masa. Tunau ya yi ta dariya har da hawaye.

Da ya samu kansa, ya je ya durƙusa gaban rema. "Baba, kakanka ya san gini."

Rema ya ce, "Matakala da ƙofa, kakana ne ya faɗa mini. Ramukan kuwa, ban san amfaninsu ba. Ni dai ɗakin kwanana nake karewa."

To, yara, in kun ga aikin mutanen dā a karkace, ku tambayi dalili kafin ku ɗaga guduma.

Kurunkus kan rema, ba don ramin ya matse ba da na shiga na gaishe shi.