Hanyar da Kaumi Ya Ce Ta Yanke

A unguwar Nassarawo da ke Mubi an yi wani mai sayar da yadi, sunansa Kaumi. Iyayensa mutanen Borno ne da fatauci ya kawo su, shi kuwa a Mubi aka haife shi, a nan kuma Allah ya buɗa masa. Kaumi ba mugu ba ne. Yana da kyauta, yana da fara'a, ba ya cin haƙƙin abokin ciniki. Aibinsa shi ne ba ya son a san daga gidan talakawa ya fito. In ana hira a bakin shago sai ya riƙa cewa dangin mahaifiyarsa a Gaidam masu raƙuma ne, gidansu ya cinye rabin unguwa. Ya faɗa ya maimaita har shi kansa ya kusa yarda.

Gaskiyar magana, mutum ɗaya ya rage wa mahaifiyarsa, Ya Fatime, wadda yake kira Ya, a Gaidam, wato yayarta Ya Kellu, tsohuwa mai sayar da kayan miya a wani gida mai dangar zana. Tun rasuwar mahaifin Kaumi 'yan'uwan nan ba su sa juna a ido ba, sai dai gaisuwa jefi-jefi ta wayar maƙwabta.

A ƙarshen shekarar 2008 Kaumi ya sayi babbar mota mai iya shiga rairayi. Sai ya ji yana son ya yi abin da ba a saba yi ba a layin 'yan yadi, ya tafi hutu arewacin Yobe ya ga tuddan yashi da idonsa. Ya gayyaci amininsa Ya'akubu, ma'aikacin gona a ƙaramar hukuma a Gella, wanda suka yi firamare tare, ya ce ya zo da matarsa Lidiya.

Ya'akubu ya zo shago suka zauna shawarar garin da za su sauka, su riƙa fita yawo daga can. Gari biyu ne a gabansu. Nguru na da masauki mai kyau, ga tafki da tsuntsaye, ga Machina kusa. Gaidam kuwa ga babbar kasuwa, ga raƙuma, ga yashi da an fita bayan gari.

“Ni ban ga abin shawara ba,” in ji Ya'akubu. “Gaidam mana. Masauki kyauta a gidan kakanninka, mu sha nonon raƙumi, Mama kuma ta ga 'yar'uwarta. Ai da ita za mu je, ko?”

Kaumi ya yi murmushin yaƙe ya ce, “To, bari mu gani.”

Kafin ya gama tunanin yadda zai kauce, Lidiya ta riga ta je gida ta yi wa tsohuwa albishir. Da ya koma da yamma ya tarar da Ya Fatime zaune kan tabarma, fuskarta kamar ta yarinya.

“Kaumi, da gaske ne? Gaidam za ka kai ni?”

Ya kasa cewa a'a. Ya ce, “Da gaske ne, Ya.”

Daga ranar tsohuwa ba ta sake zama ba. Ta aika ƙauyen Digil aka auno mata gyaɗa. Ta sayi zuma, ta zaɓi atamfa mai ruwan ganye don ta ce Kellu tun suna 'yan mata ita take so. Ta haɗa turaren wuta da hannunta, ta ɗaure komai a ƙunshi ɗaya. Ta kuma sa aka kira Gaidam aka ce ga su nan tafe.

Shi kuwa Kaumi dangar zanan nan ce kullum a ransa. Yana hango Ya'akubu tsaye a tsakar gidan yana tambayar ina raƙuman. Yana hango labarin ya dawo Mubi, 'yan layin yadi suna ƙyaƙyata dariya. Ana jibi tafiya ya tara abokan tafiyarsa ya ce wani direba ya tabbatar masa hanyar Gaidam ta yanke, ruwan daminar bana ya cinye wata gada, motoci ba sa wucewa.

“Mu sauka Nguru,” in ji shi. “In mun isa sai mu bincika. Da zarar an ce an gyara, zan kai Ya da kaina.”

Ya Fatime ta ce, “Allah ya sa a gyara.”

Suka kama hanya ta Gombi da Biu, suka kwana Damaturu. Washegari suka iso Bayamari, inda hanya ta rabu biyu, dama ta yi Gaidam, hagu ta yi Gashuwa da Nguru. Kaumi bai ko rage gudu ba, ya karya hagu. A madubi ya ga mahaifiyarsa ta juya tana kallon hanyar dama har ta ɓace mata.

Nguru ta yi musu daɗi, wannan ba a musu. Sun shiga kwalekwale, sun ga tsuntsaye garke-garke suna tashi daga ruwa. Sun ci gasasshen kifi. Sun hau tudun yashi Lidiya ta gangaro da gudu tana ihu, zaninta cike da rairayi. Kaumi ya yi ta ɗaukar hotunan da zai nuna a shago. Ya Fatime ba ta bin su. Tana zama a inuwar masauki da ƙunshinta a gefe, in sun dawo ta tare shi da tambaya ɗaya.

“An gyara?”

“Tukuna, Ya.”

Wata safiya Ya'akubu ya fita tasha neman shayi, ya dawo fuska a ɗaure. Ya ja Kaumi bayan mota.

“Na yi magana da direbobi. Sun ce hanyar Gaidam lafiyarta ƙalau, babu gadar da ta karye. Wane direba ne ya gaya maka?”

Kaumi ya yi ta kame-kame, daga baya ya ga ba mafita. Ya sunkuyar da kai ya ce babu raƙuma, babu babban gida, tsohuwa ce kawai da dangar zana.

Ya'akubu ya dube shi ya ce, “Saboda ni ka yi wannan? Kaumi, kai da ka kwana ɗakin babana a Gella, akuya na tsallake mu? Ka taɓa raina ni a kan haka?”

“Ba ɗaya ba ne. Kai ba ka taɓa cewa kuna da abin da ba ku da shi ba.”

“To ƙaryar ce kake gadi, ba mutuncinka ba. Tashi mu ɗauki Mama yanzu mu tafi. Wallahi ko Lidiya ba za ta ji daga bakina ba.”

Nan ne Allah ya ba Kaumi damar gyara, ya ƙi. Ya ce in suka je yanzu, Ya za ta ga hanya lafiya, ta gane ƙarya ya yi mata. Gara a bari baɗi ya kawo ta shi kaɗai, ta yi wata guda in tana so. Ya'akubu ya girgiza kai ya ce, “Mahaifiyarka ce, ba zan shiga tsakaninku ba. Amma ba ka kyauta ba.”

Ran komawa, da suka iso Bayamari, Ya Fatime ta ce a tsaya za ta sauka. Kaumi ya faka a gefen titi. Ta fito da ƙunshinta, ta tsaya a bakin mararraba. Suna kallo wata motar haya ta ɓullo daga wajen Gaidam, maƙare da buhuna da mutane. Wata ta biyo bayanta. Tsohuwa ta bi su da ido. Sannan ta taka a hankali zuwa wata mota da ke lodin Gaidam, ta yi wa direban magana da Barbarci, ta kwatanta masa gidan Kellu mai kayan miya, ta miƙa masa ƙunshin.

Kaumi na zaune riƙe da sitiyari. Zuciyarsa na ce masa ya fita, ya karɓo ƙunshin, ya juya mota. Tafiyar ba ta da wani nisa. Ya'akubu ya zuba masa ido yana jira. Amma fita na nufin ya amsa laifinsa a gaban Lidiya, a bainar jama'a. Bai fita ba.

Ya Fatime ta dawo ta shiga, ta gyara mayafinta ta ce, “Mu je.”

Har suka iso Mubi ba ta ɗaga maganar ba. Bayan nan ma ba ta ɗaga ba. Tana yi masa addu'a kullum in zai fita kasuwa kamar yadda ta saba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo a wurinsa. Hotunan da ya ɗauko bai iya nuna wa kowa ba.

Ya yi niyyar cika alkawarin baɗi, da gaske ya yi. Amma damina na tsakiya rikici ya ɓarke a Maiduguri da wasu garuruwan Yobe, ya ce a bari ƙura ta lafa. Ta ɗan lafa, kasuwa ta riƙe shi, ya ce bayan Sallah. Daga nan abin ya dawo da ƙarfinsa. Aka fara tare motoci a dajin da ke tsakanin Biu da Damaturu, direbobi suka daina bi sai dole. Hanyar da ya yi wa ƙaryar yankewa ta yanke da gaske, ba kuma gada ce ta karye ba.

Ana cikin haka wata rana wayarsa ta yi ƙara yana shago. Maƙwabcin Ya Kellu ne, mai wayar da suke gaisawa ta ciki. Ya ce Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa bayan gajeriyar jinya, an riga an kai ta. Bayan sun yi wa juna ta'aziyya mutumin ya ƙara da cewa, “Ka gaya wa Fatime ta yi haƙuri. Shekarar nan da kuka ce za ku zo, Kellu ta sa an yi wa ɗaki sabon daɓe, ta yanka ɗan akuyanta. Kullum tana bakin ƙofa, duk motar da ta ji sai ta miƙe. Da saƙo ya iso ba ku iso ba, cewa ta yi lalle wani babban uzuri ne, don ɗan Fatime ba zai ƙi ta ba.”

Kaumi ya rufe shago da rana tsaka. Ya daɗe tsaye a ƙofar gida kafin ya iya shiga. Da ya gaya wa mahaifiyarsa, ta yi salati, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ko jana'iza ba halin zuwa, balle zaman makoki.

Shekarar 2014 masifar ta iso Mubi kanta. Suka gudu Yola da kayan jikinsu, shago ya ƙone, motar ma a can aka bar ta, ba a sake ganinta ba. Da suka dawo Kaumi ya fara daga tebur ɗaya a bakin kasuwa. Waɗanda yake tsoron dariyarsu wasu sun mutu, wasu sun watse, sauran kowa na fama da kansa. Babu wanda ya taɓa tambayarsa labarin raƙuma.

A 2017, da aka ce motoci sun soma bi, ya zo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ta tsufa sosai, ido ya yi rauni.

“Ya, an ce hanya ta yi sauƙi. Ko a motar haya ne, in kai ki Gaidam.”

Ta ɗaga kai ta ce, “Wurin wa?”

Ta ajiye carbinta ta ci gaba, muryarta ba faɗa a ciki.

“Tun a Nguru na san hanya lafiya take, mai sharar masaukin 'yar Gaidam ce. Na yi shiru don kada in kunyata ka gaban abokinka. Na yafe maka tuntuni, Kaumi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. In gidan Kellu ne abin kunya, ai a ɗakin nan aka haife ni.”

Kaumi ya kifa kansa a gefen tabarmarta ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da shagonsa ya ƙone. Ta dafa kansa, ta bar shi ya yi.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, wanda ya ji kunyar asalinsa iyayensa yake jin kunya, ko bai sani ba. Ƙarya ɗaya da aka yi don a burge mutane takan ja mutum ya danne haƙƙin wanda ya fi kowa ƙaunarsa, alhali mutanen da ake so a burge ba su ma damu ba. In ka samu damar gyara kuskure, ka gyara nan take ko da za ka ji nauyi, domin nauyin yini ɗaya ne. In kuma kana da ikon sada zumunci yau, kada ka ɗaga shi zuwa baɗi. Ba ka da tabbacin hanya za ta kasance a buɗe, ba ka kuma da tabbacin wanda ke jiranka zai kai lokacin.